Ma'auni ma yana bukatar awo

 A shafinmu na yau za mu yi magana a kan ma'auni. Kusan duk abin da muke saye da wanda muke sayarwa sai ya bi ta kansa. Hatsi da wake da gujiya da tiya ake auna su. Dankalin turawa na lambunan Dogondutsi a kan sikeli ake ɗora shi. Jariri ana rataya shi a sikelin gidan likita. Ruwan sama ma akwai abin da ake auna shi da shi.

Mun saba mu karɓi abin da ma'auni ya nuna, ba gardama. Amma ma'auni kaya ne kamar garma ko amalanke. Yana tsufa, yana lalacewa, yana kauce wa daidai. Bambancinsa da amalanke shi ne, idan ƙafar amalanke ta karye kowa zai gani. Idan sikeli ya kauce, zai ci gaba da nuna lamba kamar babu abin da ya same shi. Don haka tilas ne a riƙa gwada shi lokaci lokaci da wani ma'aunin da aka tabbatar da gaskiyarsa.

Me ke sa ma'auni ya kauce?

Ba kowane ma'auni maras daidai ba ne na macuci. Sau da yawa mai shi ma bai sani ba. Ga manyan dalilai:

1. Nauyin da ya fi ƙarfinsa. A cikin sikelin ratayawa akwai wani ƙarfe mai naɗi, wanda ke miƙewa idan an rataya kaya. Idan aka ɗora kilo 50 a sikelin da iyakarsa kilo 25, ƙarfen zai saki, ba zai koma yadda yake ba.

2. Ƙura da tsatsa. Ƙurar hunturu tana shiga gaɓoɓin sikeli, danshin damina kuma ya sa su tsatsa. Sai allurar ta riƙa maƙalewa.

3. Faɗuwa da jijjiga. Sikelin da ke yawo daga kasuwa zuwa kasuwa a bayan babur yana shan wahala.

4. Cinyewa. Dutsen sikeli da aka daɗe ana aiki da shi yana gogewa ko ya ɓantare, nauyinsa ya ragu. Tiya kuma idan gindinta ya lotsa, cikinta ya ragu ke nan.

5. Wurin ajiya. Sikeli mai batir yana ruɗewa idan batir ya yi sanyi, ko an aza shi a kan rairayi, ko ƙasar ta karkata.

Mu yi lissafin asara

Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Ƙaramin kuskuren ma'auni haka yake taruwa. Ga misali biyu, kowa ya ɗauki alli ya bi lissafin da kansa.

Misali na farko. Mai lambu ya kawo buhu 30 na dankalin turawa, kowane buhu kilo 50 cif. Sikelin mai saye ya gaji, yana nuna kilo 48. A kowane buhu an rasa kilo 2. A buhu 30 an rasa kilo 60, wato fiye da buhu guda. A ce kuɗin kilo sefa 300 ne. Asarar ta kama sefa 18.000, jaka 18 ke nan. Wannan kuɗi ya isa ya rage wa mutum tsadar iri ko ta taki. Kuma da sikelin ya kauce ta ɗaya gefen, yana nuna kilo 52, da mai saye ne zai yi wannan asara.

Misali na biyu ya shafi bankin cimaka. A lissafin da aka saba, tiyar hatsi tana kama kilo 2 da rabi, tiya 40 kuma su ne buhu mai kilo 100. A ce da kaka kwamiti ya sayi hatsi da tiyar da ta lotsa, wadda ta rage giram 100. An auna tiya 4.000, an rubuta buhu 100 a littafi. Amma abin da ya shiga mangaza kilo 9.600 ne, ba 10.000 ba. Da bazara aka sayar da cikakkiyar tiya, sai aka sami tiya 3.840. Tiya 160 sun ɓata, wato buhu 4. Ba ɓarawo, ba ɓera, ba gara. Amma wa za a tuhuma? Mai kula da mangaza. Ta haka mutumin kirki ke rasa mutuncinsa, ƙungiya ta watse, alhali laifin na tiya ne.

A gidan likita abin ya fi kuɗi

A kasuwa kuskuren ma'auni dukiya yake ci. A gidan likita yana iya taɓa rai.

Magunguna da yawa na yara bisa nauyin jiki ake ba da su. Mu ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi sani da Coartem. Yaron da nauyinsa ya kama daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙwaya ɗaya ake ba shi a kowane sha. Daga kilo 15 zuwa ƙasa da 25, ƙwaya biyu. Ana sha sau biyu a yini har kwana uku. To, idan yaro yana da kilo 15 da ɗoriya, sikeli ya nuna 14 da rabi, rabin maganinsa zai samu. Mun kawo waɗannan lambobi ne don a gane muhimmancin sikeli. Ƙayyade magani aikin ma'aikacin lafiya ne, ba na gida ba.

Haka awon jarirai. Jaririn da aka haifa ƙasa da giram 2.500 yana bukatar kulawa ta musamman. A wajen awon wata wata kuma, nauyin da ake rubutawa a katin yaro shi ke nuna ko yana girma ko ya tsaya. Sikelin da ke ƙara nauyi yana ɓoye yaron da ke ramewa. Uwa ta koma gida hankali kwance, tamowa kuma tana cin ɗanta.

Akwai ɗan zaren nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro daga wata 6 zuwa wata 59. Ja yana ƙasa da milimita 115, alamar tamowa mai tsanani. Rawaya daga 115 zuwa 125. Kore daga 125 zuwa sama. Tsakanin ja da kore milimita 10 ne kawai, bai kai faɗin yatsa ba. Zaren da ya tsufa, ya lanƙwashe, ko launinsa ya koɗe, a canza shi. Iyaye mata da aka koya wa aiki da shi a gida su ajiye shi a miƙe, nesa da rana da wuta.

Alluran rigakafi kuma ana ajiye su a firiji tsakanin digiri 2 da digiri 8. Zafi yana kashe ƙarfin wasu, daskarewa tana ɓata wasu. Ma'aunin da ke cikin firijin shi ne idon ma'aikaci. Idan ya yi ƙarya, za a yi wa yara allurar da ba ta da sauran amfani.

Ma'aunin ruwan sama

A garuruwa da dama an kafa ma'aunin ruwan sama, ana aika sakamakonsa ga ma'aikatan gidan gona da hukumar kula da yanayi. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba a fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. A hekta guda, lita 10.000 ke nan. Masana aikin gona suna ba da shawarar a jira ruwan da ya kai milimita 20 kafin a yi shuka. Idan bakin ma'aunin ya karkata, ko gindinsa ya tsage, ko yana ƙarƙashin gawo, lambar da za a karanta ba ta gaskiya ba ce. A kafa shi a fili, bakinsa a daidaice. Nisansa da itace ko gini ya kai aƙalla ninki biyu na tsawon itacen ko ginin. A karanta shi kullum da safe a lokaci guda, a zubar da ruwan.

Daga ina gaskiyar kilo ta fito?

Mai karatu zai ce: idan sikeli na gwada sikeli, wane ne zai gwada na farkon? Tambaya ce mai kyau, kuma ƙasashen duniya sun daɗe da yin ta.

Ranar 20 ga watan Mayu na 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a birnin Paris a kan yarjejeniyar awo ɗaya. Suka kafa ofishin awo na duniya a garin Sebur, kusa da Paris, a ƙasar Faransa. A 1889 aka amince da wani ɗan curin ƙarfe mai daraja, tsawonsa milimita 39, faɗinsa ma haka. Aka ce nauyinsa shi ne kilo ɗaya. Muna iya kiransa uwar kilo. Aka ƙera irinsa aka raba wa ƙasashe. Kowace ƙasa ta gwada duwatsun awonta da nata, ma'aikata kuma su gwada sikelin kasuwa da waɗannan duwatsu. Abin kamar igiyar guga ne: ƙulli yana riƙe da ƙulli, tun daga hannun mai ja har zuwa ruwa. Ƙulli ɗaya ya kwance, guga ya faɗa rijiya.

Ga abin lura. Uwar kilo tana rufe cikin murfin gilashi uku, a ɗakin da ba a cika buɗewa ba. Duk da haka, da aka gwada ta da ƴan'uwanta bayan kimanin shekara 100, sai aka ga ɗan bambanci ya shiga tsakaninsu, wajen kashi 50 cikin miliyan na giram ɗaya. Shi ya sa tun ranar 20 ga Mayu 2019 aka daina dogara da curin ƙarfen. Yanzu masana kimiyya suna fitar da kilo daga wata lamba ta halitta da ba ta canzawa. Nauyin kilo a kasuwa bai sauya ba. To, idan ƙarfen da ke cikin gilashi ya motsa, ina ga sikelin da ke kwana cikin ƙura?

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi. Alƙur'ani yana da sura sukutum, Suratul Muɗaffifina, mai gargaɗin masu tauye awo. A ƙasar Maroko akwai tsofaffin mudun Annabi na tagulla, na fitar da zakkar kono, waɗanda aka zana wa rubutu a jiki. Rubutun yana faɗin mudun da aka gwada wannan da shi, da wanda aka gwada wancan da shi, har zuwa mudun sahabi Zaidu ɗan Sabitu. Igiya ɗaya ce da ta kilo.

Masu aikin gwajin ma'auni

A Nijar akwai hukumar da aka ɗora wa wannan nauyi. Sunanta a taƙaice ANMC, cibiyarta tana birnin Yamai. Ita ke kula da ƙa'idojin ingancin kaya da sha'anin awo, har da binciken ma'aunan da ake ciniki da su.

Aikin ma'aikacin awo, a ko'ina yake, hawa uku ne. Na farko gwaji: ya ɗora duwatsun da aka tabbatar da nauyinsu, ya rubuta abin da sikeli ya nuna, ya fitar da bambanci. Na biyu daidaitawa: idan bambancin ya wuce abin da doka ta yafe, a gyara ma'aunin, a sake gwada shi. Na uku shaida: a manna alama ko a ɗaura hatimi, don a san an gwada shi kuma kada wani ya buɗe ya taɓa. Ma'aunin da ya ƙi gyaruwa a fitar da shi daga aiki. Famfon gidan mai kuwa, ana tsiyaya mansa a wani tulun ƙarfe da aka san cikinsa daidai, a ga ko lita 20 da ya rubuta ita ce ta fito.

Manyan ma'aikatu ma ba su tsira daga wannan ba. Buhun siminti mai kilo 50 na Malbaza, da buhun takin zamani, inji ne ke cika su bisa umurnin sikeli. Man da ke fitowa daga matatar Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ta cikin ma'auni yake bi kafin ya shiga tanka. Tukunyar gas mai kilo 6 a kan sikeli ake ɗura ta. Kuskuren da ya faru can, a hannunmu yake ƙarewa. Shi ya sa masana'antu ke kiran ƙwararru su gwada ma'aunansu a kan lokaci, galibi shekara shekara, su ajiye takardar shaida.

Abin da za mu iya yi da kanmu

Ma'aikacin awo ba zai kwana a Matankari ko Dankasari ko Gesheme ko Kore Mai Ruwa kowace ranar kasuwa ba. Amma akwai gwajin da kowace ƙungiya za ta iya yi. Ba ya maye gurbin na hukuma, sai dai yana tona ma'aunin da ya kauce tun da wuri.

1. A duba sifiri. Kafin a ɗora komai, allura ta tsaya a kan 0. A sikelin jarirai, a rataya wandon awo babu yaro, sannan a mai da allura kan 0.

2. A mallaki dutsen gwaji. Ƙungiya ta sayi duwatsun awo na kilo 1, kilo 5 da kilo 10. A ajiye su cikin akwati, kada a yi ciniki da su, kada a fasa goro da su. Aikinsu ɗaya ne, gwaji.

3. Idan babu dutse, a yi da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta tana da nauyin kilo ɗaya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. A rataya jarka babu komai, a rubuta nauyinta. A zuba lita 5 da mazubin da aka tabbatar lita ne. Nauyin ya ƙaru da kilo 5.

4. A gwada ƙasa, tsakiya da sama. Sikeli yana iya faɗin gaskiya a kilo 1, ya yi ƙarya a kilo 20.

5. A maimaita sau uku. A ɗora, a sauke, a sake ɗorawa. Idan lambobi uku suka saɓa, sikelin ba shi da lafiya.

6. Sikeli mai faranti biyu, a yi masa musanya. Bayan ya daidaita, a mai da kaya wurin dutse, dutse wurin kaya. Idan ya rinjaya gefe guda, hannuwansa ba ɗaya ba ne.

7. Sikelin buhu, a gwada kusurwoyinsa. A aza kaya guda a tsakiya, sannan a kowace kusurwa huɗu. Lambar ta zama ɗaya.

8. Tiya ɗaya a saye, ita a sayar. Kwamiti ya zaɓi tiya guda a gaban jama'a, a auna cikinta a sikeli mai kyau, a yi mata alama. A shirya tun farko ko da tozo za a auna ko a shafe. A ajiye wata irinta a hannun maigari, don ranar gardama.

9. A rubuta. Wannan shi ne rabonmu, mu da muka shiga yaƙi da jahilci. A buɗe littafi mai gida huɗu: kwanan wata, nauyin da aka ɗora, abin da sikeli ya nuna, sunan mai gwaji. Wanda ya duba shafin zai ga ranar da ma'auni ya fara kaucewa.

Yaushe za a yi gwajin? Sikelin gidan likita, kowace safiya kafin a fara awo. Na ƙungiya, kafin sayen kaka da kafin sayarwar bazara. Kowane iri kuma, duk ranar da ya faɗi ko aka yi doguwar tafiya da shi.

Idan an sami kuskure

Kada a fara da zargi. A kira mai sikeli gefe, a yi gwajin a gabansa da shaidu biyu, gani ya kori ji. Mai gaskiya zai yi godiya, don shi ma yana iya zama mai asarar. Kada wanda bai iya ba ya kwance sikeli da sunan gyara, kada kuma a tsinke hatimin hukuma. A daina aiki da ma'aunin har a kai shi wurin gwani. Wanda aka nuna masa kuskure ya ƙi gyarawa, a kai maganarsa ga sarkin kasuwa ko magajin gari, su sanar da hukumar awo. A gidan likita kuma, uwa tana da damar ta roƙi a sake auna ɗanta idan nauyin da aka faɗa ya yi nisa da na watan jiya. Kwamitin lafiya na gari ya tambaya ko akwai dutsen gwaji, idan babu a sa shi cikin abin da za a saya.

Muna roƙon malaman cibiyoyin karatu su kai wannan darasi aji. A zo da tiya uku daga gidaje uku, a cika ɗaya da hatsi, a juye cikin sauran, kowa ya gani da idonsa. Sannan ɗalibai su zana littafin gwaji a allo, su yi lissafin buhu 30 da na tiya 4.000 da hannunsu. Ƙungiyar da ta gwada ma'auninta ta rubuto mana abin da ta samu, domin sauran garuruwa su amfana. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.